Zafin Wuhan ya sa ina yi wa maiɗakina faɗa: ko danna gurabe irin na Sinawa zai taimaka?

Assalamu alaikum, Yaya. Ni ɗan Katsina ne, ina karatun digiri na uku a birnin Wuhan na ƙasar Sin, maiɗakina da yaranmu suna gida. Tun da watan Yuli ya kama na kasa gane kaina. Barci ba ya zuwa, ƙirjina yakan yi ta bugawa da dare, kuma abu kaɗan ke tunzura ni, har ta kai ga duk sanda na kira maiɗakina sai mun rabu ba daɗi, alhali ba ta yi mini laifin komai ba. Wani Basine abokin karatuna ya ce zafi ne ya shiga zuciyata, ya nuna mini wasu gurabe a wuyan hannu da tsakanin gira, ya ce in riƙa dannawa da yatsa. Shin abin nan yana da amfani ko camfi ne? Ya halatta ga Musulmi? Kuma yaya ake yin sa daidai?

Ƙaninka daga Wuhan

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sanyaya maka zuciya, Ya kuma daidaita tsakaninka da iyalinka. Ka ci gaba da danna guraben da abokinka ya nuna maka, domin ga mai lafiya irinka babu cutarwa a ciki, kuma ina sa ran za su taimake ka a wuri ɗaya muhimmi, wato su samar maka 'yar tazara tsakanin tasowar fushi da fitar magana. Sai dai ba za su rage zafin ɗakinka ba, ba za su biya maka bashin barci ba, kuma ba za su gaya maka abin da ya sa ƙirjinka ke bugawa ba. Waɗannan uku kowanne yana da nasa gyaran, kuma zan zo kansu.

Na san abin da ke ɗaure maka kai shi ne yadda mutumin da ya tashi a Katsina, inda zafin Afrilu yake haura digiri 40, zai zo ya kasa jure digiri 35 ko 36 a Wuhan. Kada ka ɗauka ragwanta ce. Zafin bazarar gida busasshe ne, gumi yana fita yana bushewa, kuma bushewar gumin ita ce ke ɗauke zafi daga fata. Wuhan kuwa tana zaune ne a mahaɗar kogin Yangtze da kogin Han, tafkuna sun kewaye ta, iskarta cike take da laima, saboda haka gumi yakan zauna a jiki yana tsiyaya ba tare da ya sanyaya komai ba, dare kuma ya yi amma zafin bai sauka yadda ya kamata ba. Su kansu Sinawa sun daɗe suna lissafa Wuhan tare da Chongqing da Nanjing a matsayin birane uku da suka fi gasa mutum, kuma kwanakin da kake ciki yanzu su ne suke kira sanfu, kwana 30 ko 40 daga tsakiyar Yuli zuwa cikin Agusta, mafi tsananin zafi a shekararsu. Jikin ɗan Adam ba ya shiga barci mai nauyi sai zafinsa na ciki ya ɗan sauka, wanda kuwa ya jera darare bai yi barcin kirki ba, haƙurinsa ne yake fara ƙarewa.

Abin da abokinka ya gaya maka yana da tushe a tsohon ilimin likitancinsu. A littafinsu mai suna Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, an danganta kowane yanayi na shekara da wata gaɓa ta cikin jiki, aka haɗa lokacin zafi da wuta da kuma zuciya, aka ce zuciya ce mazaunin hankali da natsuwa. Idan wutar ta yi yawa, a faɗarsu, sai mutum ya rasa barci, ya yi ta tsaki da ƙunci, bakinsa ya riƙa bushewa. Littafin ya shawarci mutane a watanni ukun zafi da su tashi da wuri, kada su ƙosa da tsawon yini, kuma kada su bar fushi ya zauna musu a rai. Sun kuma ce akwai wani ƙarfi da suke kira chi wanda ke gudana ta manyan hanyoyi 12 a jiki, a kan hanyoyin jiki kuma akwai gurabe da ake soka wa allura ko a danna da yatsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da daidaitaccen bayanin wuraren gurabe 361 a shekarar 2008, don likitocin Sin da Japan da Koriya su daina saɓani kan inda kowanne yake.

A nan dole in raba maka abu biyu. Masu binciken jikin ɗan Adam ba su gano waɗannan hanyoyi ba kamar yadda aka gano jijiyoyin jini da na laka, kuma daidaita wuraren gurabe da Hukumar Lafiya ta yi bai zama shaidar cewa kowane gurbi yana maganin abin da aka ce yana magani ba. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne gurbin Neiguan na kusa da wuyan hannu: a 2015 masana a ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, sun tattara gwaje-gwaje 59, suka ga motsa wannan gurbi yana rage tashin zuciya da amai bayan tiyata fiye da dannawar bogi, ko da yake sun ce ingancin da yawa daga cikin gwaje-gwajen bai kai yadda ake so ba. A kan damuwa da rashin barci kuwa, gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, wasu sun nuna sauƙi, amma da wuya a tantance ko gurbin ne ya yi aiki ko kuwa zaman da mutum ya yi shiru yana sauke numfashi. Ni a ganina wannan bai rage wa abin daraja a wurinka ba. Mutumin da ya zauna, ya ajiye waya, ya kama wuyan hannunsa, ya riƙa fitar da numfashi a hankali na minti biyu, bugun zuciyarsa zai lafa, wannan kuwa sananne ne a likitancin zamani. Idan gurbin ya ƙara wani abu a kai, riba ce.

Game da halacci, ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma ga abin da nake gani. Aikin da kansa tausa ce da yatsa, babu kiran wani abin bauta a ciki, babu layu, babu wasu kalmomi da ake karantawa. Bayanin wuta da chi tsohon ƙoƙari ne na fahimtar jiki, kuma ba sai ka gaskata shi ba kafin ka danna hannunka, kamar yadda mai zuwa wurin wanzami a yi masa ƙaho ba sai ya yarda da duk bayanin wanzamin kan mataccen jini ba. Ka riƙe shi a matsayin sababi, waraka kuwa ta Allah ce. Idan har zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kwatanta wa malamin da ka amince da shi ainihin yadda ake yi, domin ya yi hukunci a kan abin da ya gani.

To, ga yadda ake yi. Ka fara da Shenmen, domin shi ne wanda Sinawa suka fi ambata idan ana maganar rashin natsuwa da rashin barci. Ka juya tafin hannunka sama, ka dubi layin da ya raba tafin da dantse, ka bi shi zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. Za ka ji wani ɗan ƙashi mai kama da ƙwayar wake a gindin tafin, da wata jijiya mai tauri da ta gangaro ta maƙale masa. Gurbin yana kan layin, a ɗan lotsawar da ke gefen jijiyar ta ciki, wato ɓangaren da ke fuskantar babban yatsa. Ka ɗora kan babban yatsan ɗaya hannun a wurin, sauran yatsun su tallafi bayan wuyan hannun, ka danna a hankali har sai ka ji wani ɗan nauyi ko tsami mai daɗi, sannan ka riƙa murzawa kaɗan-kaɗan na minti ɗaya zuwa biyu, ka koma ɗaya hannun. Wannan ɗan tsamin shi ne alamar da suke nema. Idan zafi ne mai suka, ko ka ji kamar lantarki ya ja ka zuwa yatsu, ka danne jijiyar laka ke nan, sai ka sassauta ka ɗan gusa.

Neiguan yana kusa da nan. Ka jera yatsu uku, manuniya da na tsakiya da mai bi masa, a kan dantse daga wannan layi na wuyan hannu, inda na ukun ya tsaya nan ne tsayin gurbin, a tsakiyar dantse, tsakanin jijiyoyi biyu da ke fitowa idan ka dunƙule hannu ka ɗan lanƙwasa shi. Wasu mutane jijiya ɗaya ce kawai ke bayyana musu, halitta ce, kada ya dame ka, sai ka danna a gefenta. Shi suke amfani da shi idan ƙirji ya cushe ko zuciya tana tashi, kuma yana da sauƙin yi a cikin jirgin ƙasa ko a ɗakin bincike ba tare da kowa ya lura ba.

Na tsakanin gira kuwa sunansa Yintang, kuma shi ba ya son ƙarfi. Ka kwanta ko ka jingina, ka rufe ido, ka ɗora yatsan tsakiya a wurin, ka riƙa shafawa a hankali daga nan zuwa sama kamar mai goge wani abu daga goshi. Ka lura da yadda mai fushi yake tamke gira da muƙamuƙi ba tare da ya sani ba, amfanin farko na wannan gurbi shi ne yana sa ka gane cewa ka tamke, sai ka saki. Akwai Laogong a tsakiyar tafin hannu, inda kan yatsan tsakiya ke sauka idan ka dunƙule hannu, da Yongquan a tafin ƙafa, a lotsawar da ke bayyana a kashi ɗaya cikin uku na gaba idan ka lanƙwasa yatsun ƙafa, wanda suke murzawa kafin kwanciya. Ka gwada su in kana so, amma ukun farko sun ishe ka.

Abin da ya fi wurin dannawa muhimmanci shi ne numfashin da ke tare da ita da kuma lokacin yin ta. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida ko fiye, domin tsawaita fitar numfashi shi ne ke rage gudun zuciya. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kada ka bari sai ranka ya ɓaci sannan ka fara laluben gurbi. Ka saba da shi bayan sallar asuba da bayan isha'i, lokacin da kake zaune a natse, har hannunka ya san wurin da kansa. Idan kuma fushin ya taso, ka haɗa da abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar, cewa mai fushi idan yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kishingiɗa. Kada ka danna inda akwai rauni, ƙurji, kumburi ko ƙuna. Sannan idan ka koya wa maiɗakinka, ka sani cewa likitocin Sin suna hana mai juna biyu danna gurbin Hegu da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, da Sanyinjiao da ke saman idon sawu ta ciki, da Jianjing na kan kafaɗa.

Yanzu bari mu yi lissafin darenka, domin ina zargin a nan matsalar ta fi yawa. Wuhan tana gaban Katsina da awa 7. Idan maiɗakinka ba ta samun sarari sai bayan la'asar, misalin ƙarfe 5 na yamma, kai a wurinka sha biyun dare ne. A watan Yuli kuwa alfijir yana keto muku wajen ƙarfe 4, isha'i kuma ba ta shiga sai kusan ƙarfe 9. Ka ga mutumin da ya yini a ɗakin bincike, ya dawo cikin gumi, ya jira tsakar dare ya yi waya, ya kwanta ƙarfe ɗaya da ɓacin rai, ya tashi ƙarfe huɗu, babu gurbin da za a danna masa ya zama mai haƙuri. Ku sauya lokacin wayar. Ƙarfe 11 na safe a gida shi ne 6 na yamma a wurinka, ƙarfe 2 na rana kuma shi ne 9 na dare, ku zaɓi wanda ya dace da hidimarta, ka ci abinci, ka watsa ruwa, ka zauna ka yi dannawarka ta minti biyu, sannan ka kira. Bayan isha'i ka kwanta. Ka kuma shiga al'adar mutanen garin ta barcin rana, wadda ba baƙuwa ba ce a wurinmu tunda mun san ƙailula. Su a lissafinsu ƙarfe 11 zuwa 1 na rana lokacin zuciya ne, kuma za ka ga ofisoshi da ɗakunan karatu sun yi tsit bayan cin abincin rana. Minti 20 zuwa 30 ya isa, idan ya zarce haka zai ci maka barcin dare.

Idan ɗakinka yana da na'urar sanyaya ɗaki, ka kunna ta da dare, ka sa ta wajen digiri 26, kada tsimin kuɗin wuta ya sa ka kwana cikin gumi, domin abin da kake asara ya fi kuɗin. Ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka, ka duba fitsarinka, idan ya yi duhu ruwan bai isa ba. Ka rage kofi da shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari, musamman daga azahar, domin su kaɗai suna iya sa ƙirji bugawa. Romon ƙananan koren wake da ake sayarwa a ɗakunan cin abinci na jami'a a wannan lokaci, da kankana, da shayin furanni marar kauri, duk suna ƙara wa jiki ruwa, ka sha abinka. Amma ga wani abu da ya kamata ka sani a matsayinka na Musulmi: akwai wani maganin zafi da ya shahara ƙwarai a can, Huoxiang Zhengqi, wanda kusan kowa zai miƙo maka idan ka ce zafi ya dame ka. Nau'insa na ruwa da ke cikin ƙananan kwalabe, wanda sunansa ke ƙarewa da shui, yana ɗauke da barasa kashi 40 zuwa 50 cikin 100, kuma yana da haɗari idan aka haɗa shi da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Akwai nau'insa na ƙwaya da wani na ruwa marar barasa, saboda haka ka karanta kwali ko ka tambayi mai kantin magani kafin ka kai baki.

Bugun ƙirjin nan kuwa ba na so ka bar shi a hannun tausa. Ka je asibitin jami'arku a wannan makon, a auna maka hawan jini, a yi maka gwajin bugun zuciya, a duba jininka ko ya yi ƙasa, a kuma duba gaɓar nan ta maƙogwaro da ake kira thyroid, wadda kumburinta ke haddasa maƙoƙo, domin idan ta yi aiki fiye da kima takan kawo daidai abubuwan da ka lissafa: rashin jure zafi, saurin fushi, rashin barci da bugun zuciya, wani lokaci har da rama da rawar hannu. Mai yiwuwa a ce maka lafiyarka ƙalau, kuma jin hakan ma zai rage maka rabin fargaba. Idan bugun ya zo da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko jiri har kana neman faɗuwa, kada ka jira gobe. Haka nan ka riƙa duba gargaɗin zafi da hukumar yanayi ke turowa a waya: ruwan ɗorawa na nufin digiri 35 kwana uku a jere, ruwan goro 37, ja kuma 40. A irin waɗannan ranaku, duk wanda ka ga jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko ya rikice ko ya suma, ba a tsayawa danna masa gurbi. A kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwan sanyi, a yi masa fifita, a kira lamba 120 ta motar asibiti, domin bugun zafi yana kisa cikin ɗan lokaci.

Saura maganar maiɗakinka, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Ka tuna cewa a Katsina yanzu damina ce, ita ba ta jin zafin da kake ji, ba ta ganin idanunka da suka yi ja don rashin barci. Abin da ke isa gare ta kawai shi ne muryar mijinta da ta sauya, kuma mace da ke riƙe da gida da yara ita kaɗai, mijinta yana wata duniya, idan ba a gaya mata dalili ba za ta nemo wa kanta dalili, wanda kuma za ta nemo zai fi na gaskiyar ciwo. Ka kira ta a lokacin da kake cikin natsuwa, ka gaya mata halin da kake ciki kamar yadda ka gaya mini, ka ce mata ba ta yi laifi ba, ka ba ta haƙuri a fili ba tare da ka jingina laifin ga zafi ba, domin zafi ya bayyana dalili ne kawai, bai wanke ka ba. Magana zarar bunu ce, waɗanda suka riga suka fita ba za su koma ba, amma za ka iya tsare na gaba. Ku yi yarjejeniya cewa duk sanda ka ji ranka ya fara ɓaci za ka ce mata ta ba ka minti biyar, ka ajiye waya, ka zauna ka kama wuyan hannunka, sannan kai ne za ka sake kira, ba ita ba. Sake kiran nan wajibi ne, in ba haka ba ajiye wayar zai zama wani sabon wulaƙanci.

Zafin Wuhan yakan fara sassautawa a cikin Satumba. Idan ka gyara barci, likita ya ce babu komai, iska ta yi sanyi, amma har yanzu ƙuncin yana nan, ko ka ga ka daina jin daɗin karatu da abinci da zama cikin mutane, to abin ya wuce zafi, wataƙila nauyin karatu ne da kaɗaici suka taru maka. A lokacin sai ka nemi ofishin ba da shawara na jami'arku ko likitan ƙwaƙwalwa, ka kuma riƙa zuwa sallar Juma'a kana zama da 'yan'uwa ɗalibai bayan an idar. Ka sake rubuto mini bayan ka ga likita, ka gaya mini abin da gwajin ya nuna da kuma lokacin da kuka tsayar na waya. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Yayanka